Ruwan Rijiyar Mai: A Ba Gona Ko A Hana Ta?

 Yau za mu tattauna a kan wani irin ruwa wanda yawancinmu ba mu taɓa gani da ido ba, amma zancensa ya shafe mu tun ranar da Nijar ta shiga sahun ƙasashe masu haƙo man fetur. Shi ne ruwan da ke fitowa tare da ɗanyen mai daga ƙarƙashin ƙasa. A wasu ƙasashen duniya ana tace shi a ba gonaki. To, in wata rana aka zo aka ce da mu: "Ga ruwa kyauta, an tace shi, ku yi noman rani," me ya kamata mu amsa?

Ba sai an gaya wa mutumin Tebaram darajar ruwa ba. A arewacin Adar ruwan sama a yawancin shekaru bai wuce milimita 300 zuwa 400 ba, cikin wata uku ya zuba ya ƙare. Daga nan rana da iska su shanye tabkuna ɗaya bayan ɗaya, a koma ga dogayen rijiyoyin da sai jaki ko raƙumi ke jan gugansu, samari kuma su kama hanyar cin rani zuwa Libiya da Aljeriya da Najeriya da Abijan. Wanda ke cikin wannan hali, in ka nuna masa ruwa, da wuya ya tsaya tambayar asalinsa. Shi ya sa muka ga ya fi kyau a yi tambayar tun yanzu, tun ba a kawo shi ƙofar gida ba.

Daga ina ruwan yake fitowa?

Man fetur ba a cikin wani kogi yake kwance a ƙarƙashin ƙasa ba. Yana cikin ƙananan ƙofofin dutse da yashi ne, kamar yadda ruwa ke zama cikin soso. A cikin waɗannan ƙofofi kuwa ba shi kaɗai ba ne: akwai iskar gas a samansa, akwai tsohon ruwa a ƙarƙashinsa, wanda ya yi miliyoyin shekaru yana jiƙe da dutse. In aka haƙa rijiya aka fara jawo mai, su ukun tare suke haurowa. A bakin rijiya ake raba su. Sabuwar rijiya takan ba da mai da yawa, ruwa kaɗan. Tana tsufa abin yana juyawa, har a kai lokacin da za a jawo ganga goma, tara ruwa ne, ɗaya ce kawai mai. Masana sun daɗe suna ƙiyasta cewa in aka haɗa rijiyoyin duniya duka, kowace gangar mai tana zuwa da gangar ruwa wajen uku.

Kamfanonin mai ba su da bukatar wannan ruwa, kaya ne a wuyansu. Galibi sukan mai da shi ƙarƙashin ƙasa ta wasu rijiyoyi, don ya ƙara turo sauran man ko don kawai a rabu da shi. Wani wuri kuma a tara shi cikin manyan ramuka rana ta shanye. Duka biyun kuɗi suke ci. Don haka ranar da kamfani ya ce zai ba manomi ruwa kyauta, mu sani shi ma sauke nauyi yake yi. Wannan ba laifi ba ne, amma ya kamata mai karɓa ya san ciniki ake yi, ba sadaka ba.

A ƙasarmu an fara haƙo mai ne a yankin Agadem, cikin jihar Difa, a 2011, ta hannun kamfanin CNPC na ƙasar Sin. A watan Nuwamba na shekarar aka buɗe matatar SORAZ a arewa da Damagaram, mai iya tace ganga 20,000 a rana, wadda bututu mai tsawon kilomita 462 ke kawo wa ɗanyen mai. A ƙarshen 2023 aka ƙaddamar da babban bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda ya ratsa kudancin ƙasa ya faɗa tashar Seme a Jamhuriyar Benin, aka tsara shi don ɗaukar ganga 90,000 a rana. A watan Mayu na 2024 jirgin ruwa na farko ya yi lodi.

Bari mu yi ɗan lissafi, mu ga yawan ruwan da ake magana a kai. Mu ɗauka ana haƙo ganga 110,000 a rana, mu kuma ɗauka rijiyoyin sun kai shekarun da kowace gangar mai ke zuwa da uku ta ruwa. Gangar mai lita 159 ce. Ke nan za a samu ruwa wajen lita miliyan 52 kullum. Hekta ɗaya ta albasa, wato fili mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, mu ce tana shan lita miliyan 6 daga dashe zuwa cira. Cikin kwana 120 ruwan zai ishi hekta dubu da ɗan kai. Gandarin noman rani na Ƙonni shi kaɗai ya haura hekta 2,400. Ashe ruwan ba abin rainawa ba ne a ƙasar da hamada ta ci rabi da kwata, amma kuma ba teku ba ne da zai ciyar da ƙasa.

"An tace" ba magana ɗaya ba ce

Nan ne muke so mai karatu ya natsu. Mu da muka ga yaƙi da kurkunu mun san tacewa. Malaman lafiya sun bi gari-gari suna raba ƙyallen tace ruwa, mata suka riƙe abin da gaske, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijar shaidar rabuwa da kurkunu a 2013. Mun kuma san tafasa ruwa, da sa masa ƙwayar magani ko ruwan zabel, da kwantar da laka da ƴaƴan zogale. Duk waɗannan dabaru ne masu kyau, amma abokan gabarsu su ne laka da ƙananan halittu da ƙwayoyin cuta. Abin da ya narke cikin ruwa ba ruwansa da ƙyalle. Kowa na iya gwadawa a gida: a narka gishiri cikin kwanon ruwa, a tace shi sau goma, a ɗanɗana. In aka tafasa ma sai gishirin ya ƙara ƙarfi, domin ruwan ne ke tashi, shi yana nan zaune.

Haka abin yake a wurin kamfani. Tacewar farko ita ce raba mai da ruwa: a bar shi ya kwanta, man ya taso sama a kwashe, a hura masa iska ƙananan ɗigon man su taso, a bi da shi cikin yashi ko makamancinsa. Bayan wannan ruwan yakan fito garau, ba ƙyalli, wani lokaci ba wari. An tace shi, babu ƙarya. Amma gishirinsa yana nan yadda yake. Cire gishiri aiki ne dabam: sai an tura ruwan da ƙarfin inji ta cikin wata irin fata mai ƙofofin da ido ba ya gani, abin da ke cin wutar lantarki da kuɗi mai yawa, ya kuma bar wani ragowar ruwa mai tsananin gishiri wanda shi ma sai an nema masa wurin zubarwa. Saboda haka duk wanda ya ce mana an tace, tambayar da za ta biyo baya ita ce: an tace daga me?

Gishiri, babban abokin gabar garka

Ruwan rijiyar mai ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda gishirinsa bai kai giram ɗaya cikin lita ba. Akwai wanda ya ninka ruwan teku sau da yawa, alhali ruwan teku yana da giram 35 a kowace lita. Ko a fili ɗaya, rijiya da rijiya sukan bambanta.

Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar da ma'aunin ruwan ban ruwa a 1985, wanda malaman gona ke aiki da shi har gobe. Ruwan da gishirinsa bai kai rabin giram a lita ba, a ba kowace shuka ba fargaba. Daga nan zuwa giram 2, sai da lura da dabara. In ya haura giram 2, matsala ce babba. Giram 2 a lita kuwa ba wani abu ne mai yawa a ido ba: kamar a zuba ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri cikin lita uku ne.

To, mu koma ga hektarmu ta albasa mai shan lita miliyan 6. In kowace lita tana ɗauke da giram 2, a rani ɗaya mun zuba wa gonar kilo 12,000 na gishiri. Buhu 240 ke nan masu kilo hamsin-hamsin. Wane manomi ne zai yarda a sauke masa buhu 240 na gishiri a garka, ko da kyauta ne? Amma in cikin ruwa ya zo, da hannunsa zai buɗe masa hanya. Shuka ta sha ruwan, rana ta ɗauke saura, gishirin ya zauna. Baɗi a ƙara wani. A ƙasashen da ake ruwan sama mai yawa damina tana wanke shi. Mu tamu daminar ba ta da wannan ƙarfi kowace shekara, kuma in ta wanke ɗin, ina ta kai shi? Ƙasa ta kai shi, cikin ruwan kwarin da rijiyoyinmu na sha suke ciki.

Abin takaici, shukar da muka fi dogara da ita tana cikin waɗanda suka fi rashin haƙuri da gishiri. Albasa, wadda sunan Galmi ya kai har kasuwannin Abijan da Akara saboda ita, saiwarta gajera ce, tana cikin ƴan yatsun ƙasa na sama, daidai inda gishiri ke taruwa. Mutum na iya shan ruwa ya ce da dama-dama, ita kuwa ta riga ta fara jin jiki: bakin ganye ya ƙone, kai ya ƙi girma. Karas ma haka. Tumatir da kabeji sun ɗan fi su juriya. Dawa da auduga da dabino su ne masu haƙuri sosai.

Akwai kuma ɓarna ta biyu wadda ta fi ta farko wuyar gyara. Yawancin gishirin wannan ruwa yana ɗauke da sinadarin sodiyom, wanda shi ne ƙarfin kanwa. In ya yi yawa a ƙasa mai laka, irin ta kwaruruwan Adar, sai ya wargaza ƙwayoyin ƙasar su toshe ƙofofinta. In ta jiƙe ta yi santsi, ruwa ya tsaya a kai ya ƙi shiga. In ta bushe ta yi tauri kamar daɓe. A taƙaice, fadama ta koma fako. Mutanen Keita sun san irin wahalar da aka sha tun daga 1984, lokacin babban aikin raya karkara da ƙasar Italiya ta tallafa, mata na ɗaukar duwatsu a ka, ana haƙa ramuka a kan fako don a mai da shi gona. Abin da aka yi shekaru ana farfaɗowa, ruwa maras kyau yana iya kashe irinsa cikin ƴan shekaru kaɗan. Ana rage wannan ciwo da jifsi, dutsen nan da ake tsintowa a yankin Malbaza ana kai wa masana'antar siminti, amma magani ne mai tsada, kuma ba ya aiki sai da ruwa mai daɗi da zai wanke ƙasar bayansa.

Na uku shi ne boron. Shuka tana bukatarsa ɗan ƙanƙane, in ya ɗara sai ya zama guba, ganye ya yi rawaya daga baki ya bushe. Ruwan rijiyar mai yakan zo da shi fiye da kima, kuma yana cikin abubuwan da suka fi wuyar cirewa.

Abin da ido ba ya gani

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A sha'anin ruwa dai bai sani ba, kuma muna da shaida a cikin gida. A 1985 aka fara ba mutanen Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, ruwan famfo daga wata rijiya mai zurfi. Ruwa ne garau, ba launi, ba wari, kowa ya yi murna. Ashe yana ɗauke da sinadarin fulor wanda ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sau uku ko fiye. Iyakar kuwa miligiram ɗaya da rabi ce a lita. Yara suka tashi haƙoransu sun yi ja, ɗaruruwa daga cikinsu ƙasusuwansu suka lanƙwashe, wasu ba su ƙara tafiya daidai ba. An yi kusan shekara goma sha biyar ana shan ruwan kafin a ɗauki mataki. Wannan fulor ba daga mai ya fito ba, daga dutsen ƙarƙashin ƙasa yake. Mun kawo labarin ne domin tsohon ruwa mai zurfi ɗabi'arsa ke nan, yakan kwaso abin da ya tarar a dutse, kuma awo na ƴan kuɗi kaɗan tun farko da ya tsare yaran nan.

Ruwan rijiyar mai ya fi na Tibiri zurfi da daɗewa, ga shi ya yi zaman tare da mai. Akwai wani sashe na man da ke narkewa cikin ruwa, ba ya tasowa sama balle a kwashe. Mafi muni a ciki shi ne sinadarin benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Iyakarsa a ruwan sha kashi ɗaya ne cikin ɗari na miligiram a lita, abin da harshe ba zai taɓa ji ba. Wani ruwan yana zuwa da dalma ko arsenik. Dalma kuwa maƙwabtanmu na Zamfara sun ga aikinta a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Wani ruwan kuma yana ɗauke da radiyom, dangin abin da ake tsoro a ma'adinan Arlit. Bayan waɗannan akwai magungunan da kamfani da kansa ke zubawa cikin rijiya, na hana tsatsa, da na kashe ƙwayoyin halitta, da na raba mai da ruwa.

Ba kowane ruwa ne ke da duk waɗannan ba, kuma ba duk abin da ke cikin ruwa ne ke shiga cikin shuka ba. Sai dai a garka ba shuka kaɗai ke taɓa ruwa ba. Mai ban ruwa yana tsaye ciki ba takalmi tun safe. Yaro ya ji ƙishirwa ya ɗiba da hannu. Mata su wanke salati a ciki kafin a kai kasuwa. Dabbobi kuwa ba a magana. Makiyayin da ke kora garke har Ingal don lasar gishiri ya san yadda raƙumi da saniya ke son ruwa mai ɗan gishiri-gishiri. Ramin da aka tara irin wannan ruwa, in ba shinge, su da kansu za su neme shi, abin da suka sha kuma yana iya biyo nono.

Inda aka gwada

Wuri biyu ne aka fi ambata. Na farko yana jihar Kalifoniya ta Amurka, a gundumar Kern. Shekaru da dama ke nan kamfanin Chevron ke sayar wa hukumar ruwa ta manoman Cawelo ruwan rijiyoyinsa bayan an raba shi da mai. Ana gauraya shi da ruwa mai daɗi a ba itatuwan lemu da inabi da wasu ƴaƴan itatuwa masu ɓawo. A shekarun farin da suka yi wajen 2014 da 2015, wannan ruwa ne ya tsare gonaki da yawa. Amma Allah ya yi musu gyaɗar dogo: dusar ƙanƙarar da ke narkewa daga duwatsun da ke kusa tana ratsawa har cikin dutsen da man yake, don haka gishirin ruwan bai kai giram ɗaya a lita ba. Duk da haka hankalin masu saye bai kwanta ba. Hukumar kula da tsabtar ruwa ta yankin ta kafa kwamitin masana, suka yi shekaru suna auna ruwa da ƴaƴan itace. A 2021 suka ce ba su ga ƙarin haɗari ga mai ci ba, amma suka yarda akwai magungunan da kamfanoni ke zubawa waɗanda ba a gama sanin illarsu ba. Wani bincike na jami'ar Duke a 2020 shi kuma ya nuna sodiyom da boron sun fi taruwa a ƙasar da ake ba wannan ruwa. Ka ji inda ruwan ya fi kowane kyau, a ƙasar da ɗakunan awo suke birjik.

Na biyu ya fi kama da mu. A hamadar kudancin ƙasar Oman akwai filin mai da ake kira Nimr, inda kashi tara cikin goma na abin da ake jawowa ruwa ne. Da can mai da shi ƙasa ake yi da manyan injuna. Daga 2011 kamfanin man ƙasar, tare da wani kamfanin Jamus mai suna Bauer, suka shimfiɗa fadama ta hannu mai faɗin ɗaruruwan hekta, suka dasa doguwar ciyawar bakin tabki mai kama da kacala. Ruwan yana gangarawa da kansa daga fangali zuwa fangali, ba inji, ƙananan halittun da ke zaune a jikin ciyawar suna cinye man. Kafin ya kai ƙarshe man ya kusa ƙarewa ƙaƙaf. Bayan faɗaɗawar 2019 wurin yana karɓar lita miliyan 175 a rana, tsuntsaye fiye da iri ɗari sun mai da shi masauki a tsakiyar hamada.

Aiki ne mai ban sha'awa, amma a lura da abin da suka shuka da ruwan. Ciyawa ta cinye mai, ba ta cinye gishiri ba, wanda ya kai wajen giram 7 a lita. In muka sa shi cikin lissafinmu na ɗazu, buhu 840 ke nan a hekta. Saboda haka da suka zo gwajin noma, auduga suka sa, da zurma, da itacen turare, da itatuwa dangin bagaruwa, da ciyayi masu jure gishiri. Ragowar ruwan kuma ya wuce manyan ramuka rana ta shanye, gishiri ya kwanta. Ba su kai shi garkar albasa ba.

Mu fa, ina muka tsaya?

A yau ba a haƙo mai a Adar, kuma daga Tawa zuwa Agadem ya fi kilomita dubu in aka bi hanya. Ba mai ɗauko ruwa daga can ya kawo Tebaram. Amma makiyayan da ke kewaye da rijiyoyin ƴan uwanmu ne, dabbobinsu kasuwanninmu suke shigowa, ƴaƴanmu kuma suna zuwa neman aiki can. Ban da haka, a nan kusa da mu, a Salkadamna ta gundumar Takanamat, akwai gawayin ƙasa wanda aka aza harsashin aikinsa a 2014, zancensa kuma bai mutu ba. Ramin gawayi shi ma sai an riƙa kwashe ruwa daga cikinsa, kuma duk inda aka kwashe ruwa a ƙasa irin tamu, za a samu mai cewa a ba manoma. Tambayoyin ɗaya ne.

Ra'ayinmu shi ne kada a ƙi ruwan gaba ɗaya, domin zubar da ruwa a hamada shi ma asara ce. Amma a fara da itace. Mutanen kwarin Magiya sun ga amfanin layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 don tare iska. Itacen girki, da na rufin ɗaki, da inuwa, da shingen tare rairayi, duk bukatu ne na gaske, kuma ba a cin su. Ko su ɗin ma a nesa da rijiyar sha, a fili ƙarami tukuna, da shinge. Abincin da ake ci ɗanye, da ciyawar dabbobin tatsa, su ne na ƙarshe a layi, in ma za su shiga.

Kafin ɗigo ɗaya ya shiga gona, a nemi takardar awo. Ba a cinikin biri a sama. Takardar ta nuna gishiri nawa ne a lita, da sodiyom, da boron, da benzin, da dalma, da arsenik, da radiyom, a kuma karanta wa jama'a ita da Hausa da Tamajak da Fulatanci. Kada awon ya zama na kamfani shi kaɗai. Muna da cibiyar binciken noma ta INRAN, muna da jami'a a Tawa, muna da ma'aikatar ruwa. Kuma awo ɗaya na ranar buki bai isa ba, domin ruwan rijiya yana sauyawa da shekaru, injin tacewa kuma yakan lalace ranar da ba kowa a wurin. A auna ƙasar gonar tun kafin a fara, a ajiye sakamakon, don in ta mutu bayan shekara biyar kada a ce da ma can haka take. A rubuta a gaban kwamitin kula da filaye, wato Kofo, wanda zai biya in hakan ta faru.

Wannan ba roƙo ba ne. Dokar ruwa ta 2010 ta ce wanda ya gurɓata shi ne zai biya. Dokar 2018 a kan binciken muhalli ta wajabta a duba illar babban aiki, a kuma saurari mutanen wurin kafin a fara. Sai dai doka ba ta tsare kanta. A maƙwabciyarmu Cadi, a watan Agusta na 2013, gwamnati ta dakatar da aikin kamfanin CNPC bayan an tarar da ɗanyen mai zube cikin ramuka a yankin Kudalwa, rigimar da ba ta mutu ba sai da kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 400 a 2014. Da ba a je an duba ba, da rairayi ya rufe maganar.

Man da ke bakin rijiyarmu

Kafin ruwan kamfani ya iso, akwai man da mu da kanmu muke zuba wa ruwanmu. Injin ban ruwa ya yawaita a garake, daga kwarin Tadis har bakin tabkin Tabalak, kuma sau da yawa a kan bakin rijiya ake girke shi. Nan ake zuba masa mai, nan ake juye baƙin mai in an yi masa sauyi, ƙasa ta shanye, ruwan kwari kuwa ƴan mitoci ne a ƙasa. A ja injin baya kaɗan, a sa masa tire ko rabin tano a ƙarƙashi, a tara baƙin man cikin galan a mai da wa makanike. Kada a shafa shi a ƙurjin raƙumi ko na jaki, kada kuma a zuba shi cikin tabki wai don kashe sauro. Bidon da ya taɓa ɗaukar fetur ko gazuwal ko maganin ƙwari ya gama aikin ruwan sha har abada, domin roba tana shanye abin, wanki da toka da sabulu ba ya fitar da shi duka.

Wanda kuma ya ga farin ɓawo a kan kunyar garkarsa, ko bakin ganye yana ƙonewa alhali bai rage ban ruwa ba, ko ruwa ya fara tsayawa a fangali ya ƙi shiga ƙasa, to ya gaya wa malamin gona. Akwai ɗan ƙaramin abin awo da ake tsomawa cikin ruwa ya nuna yawan gishiri nan take. In za a aika da ruwan ɗakin awo, a bar injin ya yi aiki na ɗan lokaci tukuna, a samu kwalba mai tsabta wadda ba ta taɓa ɗaukar mai ko magani ba, a ɗauraye ta sau uku da ruwan rijiyar, a cika ta har baki, a rufe sosai. A rubuta sunan gari da na rijiya da kwanan wata a jiki, a ajiye ta a inuwa, a kai ta Tawa cikin kwana ɗaya ko biyu.